Masu buga littattafanmu, ku bar mu mu leƙa ciki kafin mu biya

Ko a kasuwar Wunti, mai sayar da littafi ba ya hana ka buɗe shafi biyu uku ka karanta a tsaye kafin ka zaro kuɗi. To don me idan aka zo intanet wasu kamfanonin buga littattafanmu suke liƙa hoton bango kawai, da lambar waya a ƙasa? Ka kira, a ce a kashe take. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Jama'a, ku dubi ƙannenmu mata masu rubutu a WhatsApp da Wattpad, dandalin wallafa labarai a intanet. Ba su da ofis, ba su da injin ɗab'i, amma sun gane kan mai karatu. Za ta saki shafukan farko kyauta, sai labari ya kai inda zuciya ke bugawa ta ce a tura kuɗi, a turo shaidar biya. Da dare masu karatu na ta sharhi, wata na tsine wa kishiya, wata na roƙon kada a kashe jarumin, ita kuma tana amsa su ɗaya bayan ɗaya. Matsalarta ita ce mutum ɗaya ya biya, ya watsa wa ɗari. Kuma babu edita mai gyara mata rubutu. Kamfani yana da edita, yana da haƙƙin mallaka, abin da ya rasa shi ne wannan kusanci. Ga shi OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet da wasu suka dogara da ita, ta rufe a 2023.

Ni abin da ya fi damuna murya ce. Iyayenmu da ba su yi boko ba sun saba jin ana karanta littafi a rediyo. Littafin Shaihu Umar ya fito tun 1934, kabarin marubucinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin garin Bauchi, ɗalibai na zuwa ziyara. Ya dace yaro ya danna waya ya ji babin farko da Hausa mai daɗi, kakarsa na gefe tana saurare.

Sai dai kamfanonin su yi shafinsu na intanet marar nauyi, don mai karatu a Darazo ko Ningi lissafin data yake yi. A bari a biya ta banki nan take. Wurin bincike kuma ya gane ƙ da ɗ da ɓ, ko da mutum ya rubuta su babu lanƙwasa, domin yawancin wayoyinmu haka muke rubutu da su.