Mutumin da ya yi shekaru yana kallon yis

Duk shekara, da an ga watan Ramadan, sai wani saƙo ya fara zagaya zaurukan WhatsApp: wai wani likita ɗan ƙasar Japan ya samu kyautar Nobel saboda ya tabbatar da cewa azumi yana kashe ciwon daji. Bana ma ya shigo zaurenmu na 'yan uwa, har wani baffanmu mai ciwon sukari da ke Gangare a nan Jos ya kira ni, ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, tunda masana sun gano haka, ko in ajiye magungunan nan ne?" Na roƙe shi don Allah kada ya taɓa komai sai ya ga likitansa. Tun ranar abin yake ci min rai, domin mutumin na gaskiya ne, kyautar ma gaskiya ce, amma an karkatar da labarin har an zubar da abin da ya fi amfani a cikinsa.

Sunansa Yoshinori Ohsumi, masanin ƙwayoyin halitta ne, bai taɓa duba mara lafiya ba. An haife shi a Fukuoka a 1945. Ya yi karatu a Jami'ar Tokyo, ya tafi Jami'ar Rockefeller da ke New York a 1974, ya dawo gida a 1977. Sai a 1988, yana da shekara 43, ya samu ɗan ƙaramin ɗakin bincike nasa na kansa. A shekarun da ake cewa mutum ya kamata ya riga ya yi suna, shi lokacin ya fara.

Abin da ya zaɓa ya duba shi ne yis. E, yis ɗin nan dai da mai fanke a bakin Taminus take barbaɗawa a kullu, ta rufe roba, ta dawo ta tarar ya kumburo. Kowace ƙwayar yis halitta ce mai rai, kuma a cikinta akwai wata jaka da masanan wancan lokaci suka ɗauka juji ce kawai, wurin zubar da shara. Kowa ya raja'a ga yadda ƙwaya take ƙera furotin, ba wanda ya damu da yadda take rushe shi. Ohsumi ya sha faɗa cewa ba ya son gasa, ya fi son aikin da ba kowa a kansa. Don haka ya nufi jujin.

Tun a 1963 Christian de Duve, ɗan ƙasar Beljiyam, ya raɗa wa wani al'amari suna otofaji, daga Girkanci, ma'ana cin kai. An san ƙwayar halitta tana naɗe wasu sassanta da suka tsufa a cikin ɗan buhu, ta kai su inda za a narkar da su, ta sake yin gini da abin da ya fito. Kamar aikin 'yan jari-bola ne, da ke tsince tsohon ƙarfe a kai shi a narke ya koma tukunya. Amma kusan shekara 30 ba wanda ya san abin da ke tafiyar da wannan aiki.

Dabarar Ohsumi ita ce ta fi burge ni. Ya yi tunanin cewa idan buhunan suna narkewa da zarar sun shiga jakar, ba za a taɓa ganin su ba. Sai ya samo irin yis da ba shi da sinadaran narkarwa, ya hana shi abinci, ya sa ido a madubin ƙara girma na yau da kullum. Cikin 'yan sa'o'i jakar ta cika da ƙananan buhuna suna ta motsi, ba abin da zai narkar da su. Ya wallafa wannan a 1992. A 1993, shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka tace dubban nau'o'in yis ɗaya bayan ɗaya, suka gano ƙwayoyin gado 15 da ba a yin otofaji sai da su. Daga baya aka tarar da irinsu a jikin mutum. A 2004 Noboru Mizushima, wanda ya yi aiki tare da shi, da abokan aikinsa suka nuna cewa jariran ɓeraye da aka cire musu ɗaya daga ciki ba sa wuce kwana guda da haihuwa. Ranar 3 ga Oktoban 2016 aka sanar da ba Ohsumi kyautar Nobel shi kaɗai, yana da shekara 71.

To ina azumi a ciki? Gaskiya ne yunwa tana tayar da otofaji, an ga haka a yis, an gani a ɓeraye. Amma daga nan zuwa cewa azumi yana warkar da ciwon daji akwai tafiya mai nisa. Abin ma yana da fuska biyu: yana iya kare ƙwaya daga lalacewa tun farko, yana kuma iya taimaka wa ƙari da ya riga ya kafu ya jure wahala. Mu kuwa da muke azumi, umarnin Allah muke bi, kuma shari'ar da ta wajabta shi ita ce ta sauƙaƙa wa mara lafiya. Ibadarmu ba ta jiran sa hannun kwamitin Nobel da ke Siwidin, kuma bai dace a jingina ta da maganar da mai ita bai faɗa ba.

Abin da nake so mu tura wa juna shi ne ɗaya ɓangaren labarin. Ƙasarsa ta biya shi albashi shekara da shekaru yana bin tambayar da ba ta yi alkawarin magani ko riba ba. Shi kansa ya sha gargaɗin cewa irin wannan dama tana raguwa a Japan, har ya kafa gidauniya a 2017 don tallafa wa bincike na tushe. Na san za a ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro ba ta da lokacin kallon yis, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kuɗinmu kaɗan ne kuma marasa lafiya ba sa jira. Sai dai ƙwayar cutar zazzaɓin ita ma tana ɗauke da ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyin gado, ba ta rayuwa sai da shi, kuma masu neman sabon magani suna bincike a kansa yanzu haka. Hanyar ta biyo ta kan yis ne.

Mu mutanen Filato ma ba baƙi ba ne a wannan harka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi tana Vom tun 1924, kuma makiyayan Arewa sun san abin da rigakafin bushiya ya yi musu. Ƙwaƙwalwa muna da ita. 'Yar yayata tana digiri na biyu a wannan fanni a wata jami'a, ta yi wata huɗu tana renon samfurinta, sai wuta ta ɗauke kwana uku, firji ya huce, komai ya lalace. Da na je ganinta na same ta tana wanke kwalabe, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Kawu, ba madubi mai tsada nake nema ba, firjin da ba zai mutu ba nake nema." Sola da batir ɗin da za su riƙe firji ɗaya ba su kai kuɗin motar ofis guda ba, kuma asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da gwamnatocin jihohi da attajiranmu suna da halin sa wa kowane ɗakin bincike nasa.

Baffa ya je wurin likitansa, an gyara masa lokutan shan magani. Ita kuma ta sake dasa samfurinta makon jiya, da kuɗin man janareta da ita da abokan karatunta uku suka haɗa daga aljihunsu.