Ga Masu Tsara Waƙoƙin Ista: Kada Ku Tsallake Jumma'a Mai Kyau

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman 'yan kwaya da iyayenmu na Zumuntar Mata da ke ta gwajin waƙoƙi a wannan azumi.

Ku buɗe Matiyu 26:30. A daren da za a bashe shi, sai da Yesu da almajiransa suka yi waƙar yabo kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Ya san Yahuza ya riga ya karɓi azurfa 30, amma ya rera. Da wannan bakin kuma ya roƙi Uba har sau uku a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon nan, guminsa yana zuba kamar ɗigon jini.

Abin da ke damuna ke nan: sabbin waƙoƙinmu kusan duk na nasara ne da buɗi. Ganga tana tashi, ana kaɗa caki, ana rawa, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma ku waiga bencin baya. Ga mama can da ta binne mijinta bara, gonarsu ta gagari zuwa, tana tafi tare da kowa amma bakinta a rufe. Wace waƙa muka tanadar mata?

Mu da ya kamata mu fi kowa sanin wannan! A makon shan wuyar Ubangiji ne, daren 14 ga Afrilu 2014, aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN). Iyayensu sun shiga Ista da hawaye, wasu har yau suna jira.

Masu Zabura ba su ɓoye wa Allah kukansu ba. "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" farkon waƙa ne, Zabura 22, kuma ita Yesu ya ɗauko a kan gicciye. Zabura 88 ma cikin duhu ta ƙare, duk da haka tana nan cikin Littafi Mai Tsarki.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka ɗauki biro, durƙusa tukuna. Je ka gaishe da wanda aka yi wa rasuwa, ka zauna a tabarmarsa, ka ji yadda yake addu'a. Kada ka sa wa waƙarka alkawarin da Allah bai yi ba, cewa mai bi ba zai sha wuya ba. Cewa ya yi yana tare da mu.

Lahadi za mu yi rawar tashi daga matattu, da yardar Allah. Amma ina roƙon kowace kwaya ta shirya ko da waƙa ɗaya ce ta kuka da roƙo domin sujadar Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, a rera ta a hankali, yadda maman nan za ta iya bi.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki. Amin.