Wanda ya karɓi la'ada shi zai raba gardama

Assalamu alaikum ƙannena masu riƙe da gurup-gurup na saye da sayarwa a WhatsApp da Facebook, da ku da kuka fito daga makarantar kwamfuta kuna ƙera manhajar kasuwa a nan Yamai. Da ku nake yau. Ni ma cikinku nake, sai dai na riga ku shan rana kaɗan, kuma na riga ku yin kuskure.

Ina riƙe da wani gurup na kayan hannu: jakunkunan fata, takalma, zobban azurfa, ɗinki. Duk wanda ya yi ciniki ta hanyarmu yana ba mu ƴar la'ada. Wani dare bayan isha'i wata matashiya ta turo mini saƙo da Faransanci mai tsabta, ta ce an sace mata model. Ta haɗo da hotuna biyu: jakarta, da jakar wata tsohuwa da ke turo kaya daga Tawa ta wayar jikanta. Jar fata, tufka kore da fari a baki, marufi mai lanƙwasa kamar ganyen kalgo. Kamar an tsaga kara. Ban tambayi kowa ba. Na goge hotunan tsohuwar, na fitar da lambar daga gurup, na kwanta ina jin kaina alƙali.

Bayan kwana uku sai ga vokal. Murya ƙasa-ƙasa, ba faɗa: "Ɗana, mi na yi maka?" Jikan ya biyo da bidiyo. Ga kwalin da take ɗorawa ta yanka fata, ya yi baƙi don shan hannu. Ga jakunkuna uku na farkon gwaji a rataye a ƙusa, biyu marufinsu ya karkace, ɗaya tufkar ta warware. Wanda ya kwaikwaya ba ya da irin waɗannan, domin shi abu ya tarar a gama. Na koma kan hoton da matashiyar ke talla da shi, na buɗe shi da yatsu biyu. A can gefe, inda yankan bai kai ba, ga bakin tabarma da ɗan yatsa mai lalle. Tabarmar da ke cikin bidiyon ce. Ashe jaka guda ta saya, ta kai wa wani ya buga mata da yawa da fatar roba, ta ɗauki hoton tsohuwar tana talla, sannan ta zo ta yi amfani da ni don a kawar mata da mai abun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ni kuma na zama sandar.

Na kawo wannan ne domin admin iri biyu nake gani, kuma dukansu suna cutar da mutane. Na farko shi ne mai cewa "ba ruwana, ni wuri kawai na ba su." Na biyu shi ne irina na wancan dare, wanda duk wanda ya riga kawo kuka shi ne mai gaskiya.

Mai "ba ruwana" ya je kasuwar dabbobi ta Turaku ya tsaya rabin yini. Dillali ba shi ya haifi sa ba, ba shi ya yi kiwonsa ba. Amma ranar da aka ce san nan na sata ne, wa ake fara nema? Shi. Domin ya karɓi la'ada, kuma la'adar nan kuɗin shaida ce: na san mai kayan nan, na san inda yake kwana. Mai saye ya miƙa kuɗinsa ne saboda fuskar dillali. Haka naka gurup yake. Matar da ta tura jika goma sha biyar ta Nita ko Amana ba ta san mai jakar ba, sunan gurup ɗinka ta sani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka buɗe kasuwa, to ka sayi rigima tare da ita.

Manyan kasuwannin intanet na duniya ma sun so su ce ba ruwansu, doka ta ɗaure musu ƙafa. A Amurka tun 1998 akwai dokar da ta ce dandali zai tsira daga biyan diyya ne kawai in ya sauke abin da aka kawo ƙara a kai da gaggawa, kuma yana da ƙa'idar korar wanda ya mayar da satar fasaha sana'a. Amma abin da ya fi burge ni a dokar shi ne rabinta na biyu, wanda ni na tsallake: wanda aka sauke wa kaya yana da damar mayar da martani, kuma in mai ƙara bai kai maganar kotu ba, dandali zai mayar da kayan cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14. Tarayyar Turai ta zo da tata a 2022. Ta ce dole a faɗa wa mutum dalilin da ya sa aka sauke masa abu, a ba shi ƙofar ɗaukaka ƙara, kuma mai yawan kawo ƙarar banza shi ma a dakatar da shi. Da na san wannan jimlar ta ƙarshe, da na yi wa matashiyar nan tambaya guda kafin in taɓa waya. Ba ina cewa ku kwaso dokar Turawa ku liƙa a gurup ba. Mu muna da abin da ya riga ta: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musanta. Kowane ɗalibin zaure ya san wannan. Ni ma na sani, sauri ne ya haifi nawa.

Yanzu in ƙara ta zo, ina cewa kowane ɓangare ya nuna mini aikin yana kan hanya. Hoton da aka gama ba ya gaya mini komai. Kwalin yanka nake so, ko kakin da maƙeri ya fara siffanta abin da shi kafin zubi, ko takardar da tela ya zana model, ko bidiyon hannu yana aiki. Kafin su kawo, ina ɓoye tallar da ake gardama a kai, ba na fitar da kowa. Kuma ina karɓar bayani da baki, Hausa ko Zabarmanci. Ku masu ƙera manhaja ku riƙe wannan da kyau: in kuka sa wurin kai ƙara ya zama takardar cikewa da Faransanci, kun gina kotun da ɓarawo ɗan boko zai riƙa kayar da baduku kullum. Ku sa maɓallin vokal. Ku sa mutum mai rai ya saurara.

Sai dai a nan ne maganar take da ƙashi, domin ba duk kama ba ce sata. Kuros ɗin Agadas na wane ne? Tawa ma tana da nata. Maƙera sun gaje su kaka da kakanni, kuma ka shiga Wadata ko wurin masu sana'a na Gidan Tarihi na Bubu Hama za ka same su a teburi goma. In wani ya zo ya ce a sauke na maƙwabcinsa don ya riga shi sa hoto a intanet, ka ba shi ruwa ya sha ya tafi. Sana'armu duk da kallo ake koyonta. Yaro yana zama gaban maigidansa shekaru yana kwaikwayon hannunsa, tela yana ganin riga a biki ya dawo ya gwada. Wanda ya ce zai hana wannan, sana'ar zai kashe. Kuma akwai haɗari a ɗaya gefen, wato mai wayo ya zo ya mallake abin jama'a. Mutanen Galmi sun ɗanɗana: wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman a yi masa rajistar sunan albasarsu, sai da Nijar ta tashi tsaye ta ƙi. Yau albasar Galmi da kilishin Nijar suna da rajistar asalin wuri a OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke rajistar suna, tambari da ƙirƙira, don sunan ya zauna hannun masu shi.

Satar hoto ba ta buƙatar dogon bincike. Satar suna da tambari ma haka: ka buga sunan shagon wani a kayan da ba nasa ba, magana ta ƙare. Wadda ke cin lokaci ita ce ta uku, inda mutum ya ɗauki abin gado ya ƙara masa nasa, sabon yanka, sabon haɗin launi, marufin da ba a taɓa gani ba, wani kuma ya kwafe wannan ƙarin ƙwaya-ƙwaya. A nan ba na yarda da idona kaɗai. Ina kiran dattijai biyu na wannan sana'ar in tura musu hotunan ba tare da suna ba. Baduku yana kallon ɗinki ya ce maka wannan hannun gidan wane ne. Abin da zai ɗauke ni mako, su kafin shayi ya tafasa sun gama.

Masu sana'a kuma, ku san kuna da gata a doka, ko da ba a gaya muku ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, ƙungiyar da ke da mazauni a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista guda ta tambari ko ta zanen kaya tana aiki a duk ƙasashen, daga Dakar har Libarbil. Hoto, waƙa, rubutu da zane kuwa haƙƙinsu yana tabbata ne tun ranar da aka yi su, ba sai an yi rajista ba, kuma akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a nan Yamai da dokar 2010 da ke kula da wannan, har da abin gadon al'ada. Na san tsohuwar Tawa ba za ta bi waɗannan ofisoshi ba, kuma mafi yawanku ma haka. To ku yi mai araha: duk sabon abu, ku ɗauki bidiyonsa tun yana rabi, ku tura wa wani amintacce don kwanan wata ya zauna. Kada ku jefar da na gwaji da suka lalace.

Hukunci kuma ya zama an rubuta shi tun kafin rigima, kowa ya ji shi ranar shigarsa. Nawa ba shi da yawa: karon farko a sauke kaya a yi magana a keɓe, na biyu a dakatar, na uku a sallama. Mai ƙarar ƙarya shi ma a wannan ma'auni. Amma sallama ba ta da amfani in mutum zai dawo gobe da sabon suna da hoton fure. Shi ya sa ba na karɓar mai sayarwa sai na ga katinsa, na san lambar da yake karɓar kuɗi da ita, wani kuma ya tsaya masa. Amurka ma sai a 2023 ta tilasta wa kasuwannin intanet tantance duk wanda ya yi ciniki 200 na aƙalla dala 5,000 a shekara. Dillalin Turaku ya daɗe da sanin wannan. Abu guda da zan roƙe ku: kada ku ɗauki hoton mutum ku rubuta "ɓarawo" ku watsa a gurup-gurup. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, kuma ko ba doka, ku tuna ni da tsohuwar. Da na watsa hotonta a daren nan, da wane bidiyo zan wanke ta?

Ku kuma ƙannena masu kwafa, na san uzurinku: ba aiki, kowa ma haka yake yi, kasuwa cike take da atamfar da aka kwaikwaya daga ta Holan. Na ji. Amma Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hoton fatar akuya a waya, roba a cikin leda, mene ne bambancinsa da wannan tsibi? Kuma kada wani ya ce tunani ba dukiya ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa suna na kasuwanci, tambari, talifi da ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a taɓa su ba. Alhali ga hanya a buɗe. Kai ka iya waya, ka iya hoto, ka iya magana da kwastoma a Kwatano da Faransa, ita ta iya fata. Je ka gaishe ta, ku yi ciniki, ka rubuta "aikin wance ne daga Tawa," ka ɗora ribarka a fili. Jakar da aka san mai ita ta fi tsada.

Matashiyar na kira ta, na tura mata hoton da na zagaye ɗan yatsan da ja. Ta yi shiru, sannan ta fita da kanta. Ba zan ɓoye muku ba, ta fi kowa kawo mini la'ada a lokacin, kuma na ji a aljihuna wata biyu. Tsohuwar na mayar da lambarta, na yi vokal a gurup na ce ni na yi kuskure. Na ce, Inna, ki yafe mini. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Har yau kayanta suna zuwa ta motar Tawa a naɗe cikin tsohon zane, kuma jikan ba ya sa sabuwar jaka sai ya riga turo bidiyonta tana kan kwali. In ta gaishe ni kuwa, ba ta kiran sunana. "Ina kwana, ɗana mai saurin hannu."