Kafin ka sayi murfin sarƙa, ƙirga haƙora

Jama'a, yau a kan murfin sarƙar keke zan yi magana, kuma na san wasu za su ce Malam ya rasa abin faɗa. Wanda sarƙa ba ta taɓa cafke masa ƙafar wando ranar Juma'a ba, shi zai ce haka.

A keke nake zuwa aiki kullum a nan Marwa, daga Domayo in tsallake gadar Mayo Kaliao in shiga gari. Tsohon Phoenix ne, mai taya 28. Da tsatsa ta cinye murfinsa na asali sai na cire na yar, na ci gaba da hawa haka nan. Ban daddara ba sai da farar shaddata ta sha baƙin mai, sarƙa kuma ta yage bakin wandon.

Na nufi kasuwa. Mai kayan keke ya tambaye ni taya nawa, na ce 28. Ya miƙo wani ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne." Aka ɗaura. Tun kafin in kai gida, duk juyin feda sai ka ji ƙyar-ƙyar, yara na waiwayowa.

Washegari na kai wa wani dattijo mai gyara a gindin darbejiya. Bai ko kalli taya ba. Ya tsuguna, ya ɗauki alli ya shafa wa haƙori ɗaya na babban farantin da ke jikin feda, yana juyawa a hankali yana ƙirgawa har allin ya dawo. 48. Murfin da aka sayar mini kuwa na mai haƙora 44 ne. Ya ce, "Ɗana, ina ruwan taya da murfi? Farantin zai rufe." Na ce, "Wallahi Baba, yau na sani."

Lissafin ba wuya. Tsakanin ƙusar sarƙa da mai bi mata rabin inci ne, milimita 12.7. Saboda haka duk haƙori ɗaya da ya ƙaru, faɗin faranti na ƙaruwa da kusan milimita 4. Mai 44 faɗinsa wajen santimita 18, mai 48 ya ɗan haura 19. Santimita ɗaya da rabin nan ita ce ƙarar da ta hana ni sakat. Wani farantin ma an buga adadin a jikinsa, goge dattin kawai za ka yi. In ba a samu daidai ba, gara ya ɗan fi girma da ya gaza, amma kada a zarce: murfin 48 a kan faranti mai 38 reto zai yi ta yi, ya bar kafar da bakin wando zai shiga. Tsawo kuma, ɗauki zare ka auna daga tsakiyar farantin zuwa notin tayar baya, ka tafi da shi kasuwa a aljihu.

Masu kekunan gwanjo na Turai masu giya, irin masu faranti da yawa a tayar baya, ku naku daban. Sarƙarku tana ƙaura hagu da dama, rufaffen murfi ba zai zauna ba, sai zobe ko rabin murfi.

Amma mai keke irin nawa, ni dai ra'ayina ya sa rufaffe gaba ɗaya. Ku dubi ƙurar hunturu da yashin garin nan. In suka haɗu da mai a jikin buɗaɗɗiyar sarƙa, dutsen wasa suka zama, su ci sarƙar su ci haƙoran. Na ji masu cewa yana wahalar da cire tayar baya. Gaskiya ne. Sai dai sau nawa ake cire ta? In ƙaya ta huda, mai faci zaro tub yake yi ta gefe, taya na wurinta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yaran gyara da ke cire murfi da zarar ya yi ƙara, su ce nauyi ne kawai. Sau da yawa lanƙwasa ya ɗan yi ko noti ya saki.

Na 44 ɗin can, mai kaya ya ƙi karɓa, wai an riga an ɗaura. Maƙwabcina na ba, bayan na sa shi ya tsuguna ya ƙirga nasa a gabana.