Tsofaffin makanikan jirgi: a Amurka ana ƙirga musu shekaru, mu a Garwa ko sunansu ba mu sani ba

Salamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa Injamena. Yau maganar masu gyaran jirgin sama nake so mu yi, musamman dattawan cikinsu waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ƙarƙashin fiffike. Ni ba makanike ba ne, lodin kaya nake yi a wani filin jirgi a nan Amurka, amma aikin dare ya haɗa mu da su kuma wallahi abin da na gani ya daɗe yana ci min rai.

A nan hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, wato FAA, tana da wata lambar girma da ake kira lambar Charles Taylor, tun 1993 ake ba da ita. Sai wanda ya cika shekara 50 yana gyaran jirgi yake samu, 30 a ciki dole da lasisin hukuma a hannunsa ya yi su, sauran ko a gidan soja ya yi ana ƙirga masa, kuma ya zamana ba a taɓa ƙwace masa lasisi ba. Ba kuɗi ake bayarwa ba fa, takardar shaida ce da ɗan fil na maƙalawa a gaban riga, sai a sa sunan mutum a wani jeri da ke intanet wanda jikokinsa za su iya buɗewa su gani. Abin da ya fi taɓa ni shi ne matarsa ma ana ba ta nata fil ɗin, don sun san ita ce ta yi shekara hamsin tana kwana da yara ita kaɗai maigida yana can yana aikin dare.

Shi Charles Taylor ɗin mai gyaran keke ne a shagon 'yan uwan nan biyu Wilbur da Orville Wright a garin Dayton. Da suka nemi injin mara nauyi suka rasa kamfanin da zai ƙera musu, shi ne ya zauna ya ƙera shi da hannu cikin sati shida, injin mai ƙarfin doki 12, da shi jirgin farko ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903, ya yi daƙiƙa 12 a sama. Duniya ta haddace sunan Wright ta manta da wanda ya yi injin. Ya tsufa cikin talauci a Kaliforniya, sai dab da rasuwarsa a 1956 aka tuna da shi aka haɗa masa taimako. To kun ga su ma Amurkawan sai da suka yi sakaci tukuna suka gyara, yanzu ranar haihuwarsa 24 ga Mayu ita ce ranar makanikan jirgi a wurinsu. Akwai ma wani dattijo Azriel Blackman da ya shiga aikin yana ɗan shekara 16 a 1942, a 2017 da ya cika shekara 75 yana aiki kamfanin American Airlines ya rubuta sunansa a jikin jirgi Boeing 777 sukutum.

Toh mu dawo gida. Duk wanda ya tashi a Garwa ya san yadda filin jirgi yake cika lokacin tafiyar alhazai da ranar dawowarsu, mata da yara da motoci da babura kamar ranar sallah. Ana yi wa alhaji addu'a, ana kallon matuƙin jirgi da farar rigarsa da hula ana nuna wa yara shi, amma mutumin nan mai kayan aiki duk baƙin mai wanda ya zagaya jirgin da tocila tun kafin asuba yana duba taya da birki da ko akwai inda mai ke yoyo, ko sannu babu mai ce masa. In ka tambayi yaro me kake so ka zama zai ce matuƙin jirgi, ban taɓa jin wanda ya ce mai gyaran jirgi ba, mu iyaye ma in aka ce ɗan wane makanike ne sai mu ɗan yatsina fuska.

Alhali jirgi ba ya tashi sai makanike mai lasisi ya sa hannu a littafin jirgin cewa lafiya lau yake. In ya ce bai yarda ba to ba inda za a je, ko da minista ne a ciki yana duba agogo. Ku yi tunanin mutum ɗaya, albashinsa bai kai ya kawo ba, manya suna masa waya fasinjoji suna zage-zage a ɗakin jira, shi kuma ya dage ya ce sai an canza wannan ƙarfen. Wannan ita ce amana, kuma wanda ya yi shekara talatin ko arba'in yana riƙe da irin wannan amanar ban ga dalilin da za a ce ya koma gida shiru kamar bai yi komai ba. Ga kuma yanayin namu, a watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Injamena yana haura digiri 40, kwalta na tiriri, sifana ma sai ka naɗe ta da tsumma kafin ka ɗauka, in hunturu ya shigo ƙura ta cika ko'ina tana shiga cikin injin tana toshe matatar iska. Abokan aikina na nan in ina ba su labari sai su yi ta girgiza kai, su sanyi ne ke damunsu amma suna da manyan rumfunan jirgi masu na'urar ɗumama ɗaki da kayan gyara a kusa.

Babbar matsalarmu a ganina ita ce kamfanoninmu ba sa daɗewa. Air Afrique da aka kafa a Yawunde a 1961 ya rushe a 2002. Cameroon Airlines ya fara a 1971 ya tsaya a 2008, sai Camair-Co ya fara tashi a 2011. A Cadi ma haka, daga Air Tchad aka koma Toumaï, aka zo Tchadia a 2018 shi ma bai wuce 2022 ba. Mutum ɗaya sai ya canza rigar aiki sau uku a rayuwarsa, kullum yana farawa kamar sabon shiga. Ina mutanen da suka riƙa kula da babban jirgin nan 747 mai suna Mont Cameroun da ya riƙa zuwa Faris daga Duwala? Mu da muka yi alfahari da jirgin, sunan mutum nawa muka sani a cikinsu? Gaskiya Kamaru tana da lambar yabo ta ma'aikata, ta azurfa bayan shekara 10, ta zinariya bayan 25, kuma abu ne mai kyau, sai dai ta kowa da kowa ce daga akawu har mai gadi, kuma galibi kamfani ne ke tura suna ya shirya bikin, to in kamfanin ya mutu fa wa zai tura? Wayon da Amurkawa suka yi shi ne hukumar da ke ba da lasisi ita ke ƙirga shekarun, ko kamfani goma ka zagaya shekarunka suna nan a rubuce.

Kada wani ya ce na zo Amurka na raina gida. Akwai abin da muke da shi wanda ba su da shi. A nan za ka ga tsoho da takardar girmansa a bango amma shi kaɗai yake zaune, 'ya'ya sun watse, sai waya. A unguwarmu akwai wani baba da ya yi shekaru yana gyaran ƙananan jirage, yanzu janareto da injin ban ruwa yake gyarawa a ƙofar gida, babu yaron da zai wuce bai durƙusa ya gaishe shi ba, in ana ɗaurin aure shi ne a tabarmar gaba. Amma furfurarsa muke gaisarwa, ba mu taɓa zama mun ce baba wane irin jirgi ka gyara, ina ka koya, wace rana ce ka hana jirgi tashi ba. Duk abin da ke kansa zai tafi da shi.

Kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne girmama mai sana'a gadonmu ne. Tun kaka da kakanni muna da Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina, a fadar Lamido ma masu sana'a suna da wurin zamansu. Har tasha tana da sarkinta. Maƙerin da ke yin fartanya ya samu rawani, to wanda ke kwance injin jirgi ya mayar ya ɗauki ɗaruruwan rayuka zuwa Jidda me ya hana a kira shi fada a yafa masa alkyabba a gaban jama'a?

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Hukumomin kula da jiragen sama, wato CCAA a Kamaru da ADAC a Cadi, su ke riƙe da takardun lasisi, su buɗe rajista su ƙirga wa kowa shekarunsa, har da na sojan sama da suka yi aiki a barikin Garwa da na Injamena. Shekara 50 ta mana yawa tunda ana ritaya a 60, a sa 30 ko 35. Ranar 7 ga Disamba dama ranar sufurin jiragen sama ce ta duniya, a kira su da matansu a wannan ranar a karanta sunayensu a rediyo da Hausa da Fulfulde da Faransanci, a kuma haɗa da ɗan abin da zai rage musu kuɗin magani, don takarda kaɗai ba ta isa ba a wurinmu. Makarantun koyon sana'a na Garwa da Marwa su riƙa gayyatarsu su zauna da ɗalibai ko sau ɗaya a zango.

Ku kuma da ke gida, in mahaifinka ko kawunka ko maƙwabcinku ya yi wannan aikin, dan Allah ɗauki wayarka ka je ka zauna da shi, ka naɗi muryarsa, ka ɗauki hoton lasisinsa da tsofaffin hotunansa, ka rubuta shekarar da ya fara da wadda ya bari da jiragen da ya taɓa. In jerin ya haɗu mu da ke waje za mu haɗa kuɗin buga shi da kuɗin taron farko insha Allah.