Masta cikin shekara huɗu: an bar jaki ana dukan taiki

Kusan mako biyu ke nan wata talla tana yawo a wayoyin iyayen yara a nan Yamai, daga wannan guruf na WhatsApp zuwa wancan. Alkawarin da ke cikinta shi ne yaro ya shiga da bak ɗinsa, ya fito da lisansi da masta a haɗe cikin shekara huɗu, wai kamar yadda ake yi a Amurka. Ban ba ta muhimmanci ba sai ranar Juma'ar da ta wuce, da ɗiyar ƙanwata, wadda ta ci bak a bana, ta same ni a gida da waya a hannu.

"Kawu, ka duba mini wannan. Sun ce tun ina shekara ta uku zan fara darussan masta, in na cika huɗu na gama duka."

Na tambaye ta me take yi wa gaggawa. Ta ce, "Kawu, kai ma ka san shekara nawa Yaya ya yi kafin ya karɓi lisansinshi." Na sani kuwa. Biyar ya yi a kan karatun shekara uku, kuma ko sau ɗaya bai maimaita aji don faɗuwa ba.

Yarinyar ba ta da laifi. Wanda ya ga abin da ya sami yayansa dole ya nemi wata hanya. Fushina yana kan masu sayar da wannan alkawari, da kuma ƴan bokon da ke tafa musu a fada da a Facebook, suna cewa ga ci gaba ya zo, mu ne kullum a baya. Da sun zauna sun yi lissafi na minti biyu, da ba su faɗi haka ba.

A Amurka digirin farko shekara huɗu ne, masta kuma galibi biyu. Abin da suke kira hanyar gaggawa shi ne ɗalibin da ya yi fice ya ɗauki wasu darussan masta a shekararsa ta ƙarshe, a lissafa masa su a ɓangarorin biyu, sannan ya ƙara shekara guda. Huɗu da ɗaya, biyar. To mu nawa muke yi? Lisansi uku, masta biyu. Biyar ke nan. Wato abin da Ba'amurke yake samu da gudu, da sharaɗin maki mai kyau da amincewar malamansa, shi ne tsarinmu na yau da kullum a kan takarda. Duk wanda ya ce zai ba ka duka biyun cikin shekara huɗu yana kafa hujja da Amurka, ya yanke shekara guda daga abin da su kansu Amurkawan suka riga suka matse. Wani zai ce ai su shekara 12 suke yi kafin jami'a, mu 13. Haka ne, amma ajin tarminal bai taɓa koya wa kowa binciken masta ba, kuma ba shi ake ƙirgawa a dipulom ba.

Tsarin LMD (lisansi, masta, dakta) da muke bi ba da ka aka tsara shi ba. Ya samo asali daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999 a Turai, ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa kuma ta umarci ƙasashenta su rungume shi a 2007. Ƙa'idarsa a fili take: kowane zangon karatu kiredi 30, lisansi zango shida kiredi 180, masta zango huɗu kiredi 120. Jimilla 300. Kiredi kuwa ma'aunin awoyin da ɗalibi ya kashe ne, a aji da ɗakin karatu da wajen aiki. A Turai kiredi guda awa 25 zuwa 30 ne. Ko mun sassauta mun ce awa 20, shekarar da aka cire ta tafi da awa 1200 na aiki. Ina aka kai su? Masu tallar ba su faɗa ba, amma duk wanda ya taɓa zama a amfi ya san wurare biyu ne kawai ake iya yanka. Ko a cinye zangon ƙarshe na lisansi, inda yaro ke zuwa sitaj ya fara ganin yadda aiki yake da idonsa, ko a mayar da memuwar ɗin masta, wato kundin binciken da ɗalibi ke rubutawa a ƙarshe, abin da ake harhaɗawa cikin makonni.

A nan ne abin ya fi ci mini rai, domin memuwar ita ce masta. Darussan shekarar farko share fage ne. Abin da ke raba mai masta da mai lisansi shi ne ya ɗauki tambaya guda, ya fita ya nemo amsarta da ƙafarsa, ya rubuta, malami ya mayar masa da takardun cike da jan biro, ya sake rubutawa, sannan ya tsaya gaban alƙalai ranar sutnansi ya kare abin da ya ce. Kuma tambayoyin ƙasar nan suna da lokacinsu, ba sa bin kalandar mai makaranta. Ɗalibin da ke son fahimtar kogin Isa a Yamai dole ya ga cikowar damina ta watan Agusta da Satumba, mai jan ruwa, irin wadda ta karya shinge ta cinye unguwanni a 2020, sannan ya jira cikowar da ke gangarowa daga Gini a lokacin sanyi. Tsakaninsu watanni ne. Ɗalibar da ke binciken albasar Galmi a jihar Tawa tana bukatar ta ga farashi lokacin da aka cire albasa kasuwa ta cika, ta bi ta cikin rudu, inda ake ajiye ta, ta ga yawan da ke ruɓewa, ta dawo bayan watanni ta ga yadda buhu ya yi tsada da wanda ribar ta faɗa wa aljihu. Wanda aka ba wata uku ya yi wannan aiki ba zai je Galmi ba. Zai zauna gaban kwamfuta ya kwaso abin da wani ya rubuta, ya canja sunan gari. Mun riga muna fama da wannan cuta a cikin tsarin shekara biyar, balle a ce an matse shi.

Sannan wa zai duba aikin? Har zuwa 2010 jami'ar gwamnati guda ce a ƙasar nan, ta Yamai, wadda tushenta ya koma 1971. A 2010 aka buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Gini ana tashe shi cikin shekara biyu, amma malamin da zai iya kula da bincike sai ya yi dakta, ya yi shekaru yana koyarwa yana rubutu kafin ya kai wannan matsayi. Ƴan ƙalilan ɗin da muke da su su ne dai ake rububi a kansu, da safe suna jami'a, da yamma suna zagaya makarantu masu zaman kansu. Hanyar gaggawa a inda take aiki tana tsaye ne a kan malami guda da ya san ɗalibinsa, ya ga zai iya, ya ja shi kusa. Malamin da memuwar ke jibge a teburinsa har ba ya tuna fuskokin masu su, ta yaya zai ja wani kusa?

Hujjar da suka fi so ita ce ta yaro mai hazaƙa da tsari ke riƙewa. Akwai irin waɗannan yara, na yarda, amma ban ga inda tallar ta tambayi makin kowa ba, kuɗin rajista ta ambata. Masu kawo misalin Ingila, inda masta shekara guda ce, su tuna cewa shekarar wata goma sha biyu ce cur, kuma tana farawa ranar da aka ce za ta fara.

Wannan ranar ita ce ciwon namu. Ɗalibin Nijar bai taɓa kukan cewa shekara biyar ta yi masa yawa ba. Kukansa shi ne biyar ɗin ba ta tsayawa a biyar. Shekarar karatu tana hawa kan ƴar'uwarta, sababbin masu bak suna zaune gida watanni suna jiran waɗanda ke gabansu su matsa, malamai su tafi yajin aiki, su dawo ɗalibai su fita saboda bursi, sakamakon jarrabawa ya yi jinkiri, zango guda ya cinye kusan shekara. Kowane gida a Yamai yana da labarin irin wannan. Maimakon a gyara wannan, sai a zo ana tallar ƴar ƙofar baya ga wanda ubansa ke da hali. Ɗan talaka da ya baro Keita ko Illela ya zo yana kwana su da yawa a ɗaki guda zai ci gaba da kashe shekara bakwai a kan abin biyar, ɗan mai kuɗi ya karɓi takarda mai suna iri ɗaya cikin huɗu, sannan a haɗa su a layin konkur a ce ai duka masta ne. Wannan zalunci ne, kuma zalunci biyu, domin shi ma mai kuɗin an cuce shi, an sayar masa da abin da bai cika mudu ba.

Kuma a ce ma an ci ribar shekara gudan, ina za a kai ta? Masu masta nawa ne ke zaune a fada suna dafa shayi, sun gama sarbis sibik ɗinsu na shekara biyu, suna jiran a buɗe konkur? Ba a taɓa hana ɗayansu aiki don ya makara da shekara guda ba. Abin da ke hana mutum shi ne ya miƙa dipulom a ce ba a san shi ba, ko a ba shi aiki a ga bai iya rubuta rahoto mai shafi biyar ba. A nan Yamai aka yanke shawarar kafa CAMES a 1968, hukumar da ke auna dipulom na ƙasashenmu don wata ƙasa ta yarda da na wata. Yaron da ya tafi neman dakta a Wagadugu ko Dakar ko Faransa, abu na farko da za a ƙirga masa shi ne kiredi 300 da shekara biyar bayan bak. Ranar ne zai gane abin da aka yi masa, lokacin mai tallar ya daɗe da cin kuɗinsa.

Ma'aikatar ilimi mai zurfi ba ta da uzurin yin shiru. Ta fito ta faɗa wa iyaye, da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo, waɗanne makarantu ne ke da izinin ba da masta kuma a wane fanni. Duk mai son buɗe hanyar gaggawa ya kawo tsarinsa a gani, kiredi bayan kiredi, da sunayen malaman da za su kula da bincike. In akwai yara masu fice a ajin ƙarshe na lisansi, a bar su su zauna a darasi ɗaya ko biyu na masta kyauta, bisa makinsu, ba tare da an taɓa memuwar ba. Sauran ƙarfin duka a zuba shi a kan kalanda, har shekarar da aka buɗe a Oktoba ta riƙa rufewa a Yuli.

Ita kuwa ɗiyar tawa, na ce ta koma ta nemi su nuna mata takardar izinin ma'aikata, su gaya mata kiredi nawa za a rubuta a dipulom ɗinta, da sunan malamin da zai duba memuwar ɗinta. Uwarta ta riga ta fara maganar sayar da tumakin da take kiwo a ƙauye don biyan zangon farko. Na roƙe ta da girman Allah kada ta kai ko tunkiya guda kasuwa sai mun ga takardar nan da idonmu.