Goggo, tuluna da gangaren Hawan Kibo

Mai son tashi daga Abuja zuwa kallon kayan tarihi a Jos ya bari sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazo bai sauko ya dusashe duwatsu a hoto ba. Haka na tsara mana. Mu tashi bayan sallar asuba, mu bi ta Keffi da Akwanga, mu tsaya a ruwan Assop, mu ɗauki hoton dutsen Riyom tun rana ba ta take ba. Sai da daddare uwargida take faɗa mini wai Goggo ma za ta, akwai ƙawarta a Bukuru.

Asuba ta koma ƙarfe tara, don Goggo ba ta shiga mota sai kunu ya tsirga mata. A Assop ta ƙi fitowa, wai ruwa ne ba ta taɓa gani ba? A Riyom ta ɗaga kai ta ga duwatsu kan duwatsu, ta ce, "Ɗan nan, ja motar nan kafin su gangaro mana."

Gidan tarihin Jos tun 1952 yake, wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa shi, kuma kallonsa da tsari: a fara da kayan Nok, wato tsofaffin siffofin yumɓu, a ciki, a wuce wajen tukwane, a bar gine-ginen gargajiya na fili sai la'asar, lokacin da haske ke kwanciya a jikin jar ƙasa. Na tsaya gaban kawunan Nok ina bayani da murya irin ta malamai. Na ce masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928, sun haura shekara 2,000, yumɓu ne gasasshe, cikinsu fanko, a dubi idon mai kusurwa uku da hujin da ke tsakiyarsa, kuma akasari a karye ake samunsu, kai daban jiki daban. Goggo ta gyara mayafi. "A'uzubillahi. Gumaka ka ƙona mai ka kawo ni gani?"

Wajen tukwane kuwa ta ƙwace ragamar. Wannan randa ce, wancan tulu, wannan bakinsa ya yi kauri ba zai yi daɗin tsiyaya ba. Da ƙyar na riƙe hannunta, don so take ta ƙwanƙwasa ta ji ƙara. A kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina na ainihin, ina nuna wa yara yadda aka tanƙwara bakan gizo da azara aka lulluɓe da ƙasa, sai na waiga na ga Goggo ta tuɓe takalmi tana cigiyar buta.

"Goggo, ai na kallo ne."

"Masallaci ne ko ba masallaci ba ne?"

Washegari na sayi tulu a wajen masu kayan hannu. Goggo ta ƙwanƙwasa shi da zobe, ya yi ƙara garau, alamar ya gasu kuma babu tsaga. Ɗaukarsa a mota ma da ƙa'ida: a cusa tsumma a ciki ya cika, a naɗe wuyan da zani, a ɗora shi kan gammo cikin kwali, a tokare kwalin da bayan kujera, kada a aje abu mai nauyi a bayansa. Duk na yi.

Ina biyan kuɗin mai a bakin hanya, ashe Goggo ta gama ciniki. Buhun dankalin Turawa, kabeji, karas, an loda su a but, daidai bayan kwalina. Hawan Kibo kuma a dawowa gangare ne mai lanƙwasa, ƙaramin giya ake sa wa mota don kada birki ya yi zafi, duk kayan baya gaba suke turowa. Wata tirela ta rage gudu, na taka birki. Muka ji ƙwas.

A Akwanga na buɗe but. Wuyan tulun na nan lafiya cikin zaninsa, sauran ya zama katanga. Goggo ta leƙo, ta fara duba dankalinta tukuna, sannan ta ɗauki wuyan ta jujjuya shi.

"To mene ne na ɓata rai? Na jiya ma ka ce duk fasassu ne, kuma har gilashi aka sa musu. Nemi gilashi."